Reshen Sama na Sojan Amurka da Bunƙasar Zangon Nima a Akara

Gabatarwa

Unguwar Nima da maƙwabciyarta Maamobi suna arewa da tsakiyar birnin Akara, wanda Hausawan zango suka fi kira Ankara. Daga cikinsu zuwa babban filin jirgin saman birnin tafiyar ƙafa ce da ba ta wuce awa guda ba, kuma a tsakani akwai asibitin soja da kowa ya sani da sunan 37. Wannan kusanci yana da tarihi. A farkon shekarun 1930 Nima mashekari ce ta shanu a bayan gari. Abin da ya mayar da ita unguwa mai cunkoson jama'a shi ne sansanin jiragen sojan Amurka da aka kafa a wannan fili lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani Amurka ba ta da rundunar mayaƙan sama mai zaman kanta. Jiragenta na yaƙi, in ban da na sojan ruwa, reshe ne a cikin sojan ƙasa. Saboda haka tarihin wannan reshe da tarihin Nima sun haɗu a wuri ɗaya, kuma bin diddiginsu tare yana nuna wani abu da akan manta, wato kowane jirgin da ya tashi akwai hannuwa masu yawa da suka tallafe shi daga ƙasa.

Reshen da ya fara da mutum uku

Ranar 1 ga watan Agusta, 1907, sashen sadarwa na sojan ƙasan Amurka ya buɗe wani ƙaramin ofishi domin kula da balan-balan da injinan tashi sama. Ma'aikatansa uku ne: Kyaftin Charles Chandler da ƙananan sojoji biyu. Ba su da jirgi ko ɗaya. Dalilin da ya sa aka ajiye ofishin a sashen sadarwa shi ne manyan hafsoshi sun ɗauki jirgin sama a matsayin ido da ɗan aike, wanda zai leƙo inda abokan gaba suke ya kawo labari, kamar yadda mahayan dawaki suka saba yi.

An fara da hasara. Ranar 17 ga Satumba, 1908, ana gwajin jirgin 'yan'uwan nan biyu masu suna Wright a barikin Fort Myer, sai jirgin ya faɗo. Orville Wright ya ji munanan raunuka, Laftanar Thomas Selfridge kuwa ya rasu, ya zama mutum na farko da ya mutu a haɗarin jirgin sama mai inji. Duk da haka a 1909 soja suka sayi jirginsu na farko daga hannun 'yan'uwan a kan dala 30,000. A 1910 matuƙi ɗaya ya rage yana aiki da shi, Laftanar Benjamin Foulois, wanda ya ƙarasa koyon tuƙi ta hanyar musayar wasiƙu da masu jirgin.

Turawa sun riga Amurka gane cewa jirgi makami ne. A ƙasar Afirka aka fara jarraba hakan, domin a 1911 sojan Italiya sun yi leƙen asiri da jirgi a Libiya, suka kuma jefa bama-bamai daga sama. Ingila ta kafa rundunar jirage a cikin sojanta a 1912, ta kuma ware mayaƙan sama suka tsaya da kansu ranar 1 ga Afrilu, 1918. Amurka kuwa ta yi nawa. A 1916 da ta tura soja cikin Meziko farautar Pancho Villa, jirage takwas suka raka su. Kafin ƙarshen watan Afrilu shida sun lalace, biyun da suka rage ma aka yanke cewa ba su tashuwa. Da ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, yawancin matuƙanta da jiragen Faransa suka yi yaƙi.

Daga nan aka shiga doguwar jayayya a kan tambaya guda: shin jirgi bawan sojan ƙasa ne, ko kuwa yana da nasa yaƙin? A 1918 aka cire reshen daga sashen sadarwa. Janar Billy Mitchell, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan a ba shi 'yanci, ya nutsar da wani tsohon jirgin ruwan yaƙin Jamus da bama-bamai a 1921 domin ya kafa hujja, amma kaifin harshensa ga manyansa ya kai shi gaban kotun soja a 1925. A 1926 aka ɗaga darajar reshen, sa'an nan ranar 20 ga Yuni, 1941, aka sake masa fasali a ƙarƙashin Janar Henry Arnold, ya zama mai cin gashin kansa a aikace, ko da yake a takarda yana nan cikin sojan ƙasa. Reshen da ya fara da mutum uku ya kai kimanin mutum miliyan 2.4 a 1944. A wannan hali ne ya iso Akara. Amma hanyar da ya bi a Afirka ba shi ya share ta ba.

Hanyar alhazai ta zama hanyar jirage

Tun ƙarnuka da suka wuce, maniyyata daga ƙasar Hausa da Barno suna bin hanyar gabas zuwa Makka: daga Kano zuwa Barno, su ratsa kudancin tafkin Cadi, su bi ta Wadai da Darfur har su kai kogin Nilu, daga nan su nufi Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana yada zango ana neman guzuri. A ƙarshen 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila, a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka biyo wannan hanya daga gabas. Sun taso daga Masar, suka bi ta Hartum da El Fasher da Fort Lami, wato Njamena ta yau, da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Bayan shekara goma sha ɗaya, a 1936, kamfanin jiragen Ingila ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, aka miƙa hanyar zuwa Legas, a 1937 kuma ta kai Akara.

Yaƙi ne ya fito da muhimmancin hanyar. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojanta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. Zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka kuwa tana cin makonni masu yawa. Sai aka tuna da Takoradi, tashar jiragen ruwa mai zurfi da aka buɗe a Gwalkwas a 1928. Dabarar ita ce a kawo jiragen sama a wargaje cikin manyan akwatuna, a harhaɗa su a Takoradi, a tuƙa su su ratsa Afirka zuwa Masar.

Akwai cikas guda. Ƙasashen Faransa da ke kewaye da Gwalkwas, har da Nijar, sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, hanyar kuwa dole ta ratsa Cadi. Ranar 26 ga Agusta, 1940, gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Giyana, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle. Da wannan ƙofa ta buɗe. A watan Satumba ayarin farko ya tashi daga Takoradi: jirgi ɗaya samfurin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya yana ja-gaba, ƙananan jiragen yaƙi samfurin Hurricane suna biye. Zangunansu su ne Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami, El Geneina, El Fasher, Hartum, sa'an nan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Nisan ya kusa kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. Hazon hunturu yana rufe ƙasa, rairayi yana cin injina, wanda kuma ya ɓace a tsakanin Cadi da Darfur da wuya a same shi da wuri. Duk da haka, kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Jamus ta san darajarta, domin a watan Janairu na 1942 wani jirginta ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin Fort Lami ya ƙona man jirage.

Amurkawa a Akara

Amurka ta shigo hanyar tun kafin ta shiga yaƙin. A watan Agusta na 1941 Shugaba Roosevelt ya sanar cewa kamfanin Pan American zai riƙa kai jirage da kaya zuwa Gabas ta Tsakiya ta Afirka ta Yamma. Kamfanin farar hula ne, saboda haka ba a karya dokar 'yan ba-ruwanmu a fili ba. Ya kafa hedikwatarsa ta Afirka a Akara, ya shiga faɗaɗa filaye da gina ɗakunan kwana da rumbunan mai da tashoshin rediyo. Bayan harin Japan na watan Disamba 1941, babu sauran dalilin fakewa. Hukumar sufuri ta reshen saman soja ta karɓe aikin kaɗan-kaɗan, kafin ƙarshen 1942 duk ya koma hannun soja, Akara kuma ta zama cibiyar wannan hukuma a tsakiyar Afirka.

Jiragen suna tasowa daga Fulorida, su bi tsibiran Karibiyan zuwa Natal a gabashin Birazil, inda Tekun Atlantika ya fi tsukewa. A watan Yuli na 1942 aka buɗe fili a kan tsibirin Ascension da ke tsakiyar teku, sai ya zama jirage masu inji biyu ma suna iya tsallakowa, su sha mai a can, su sauka Akara. Ƙananan jiragen da ba su iya wannan nisa kuwa, jirgin ruwa mai ɗaukar jirage ne yake kawo su kusa da gaɓa. Ranar 10 ga Mayu, 1942, jirage 68 samfurin P-40 suka tashi daga kan jirgin ruwan Ranger suka sauka Akara, a watan Yuli kuma wasu 72 suka biyo. Daga Akara sai Kano, sai Hartum, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Alƙahira, ɗaya ta bi ta Adan zuwa Karaci da Indiya, har ƙasar Sin.

Sansani irin wannan gari ne sukutum. Yana bukatar masu fasa dutse da masu zuba kwalta, birkiloli da kafintoci, masu mirgina gangunan mai, 'yan dako, kuku da boyi, masu wanki da guga, direbobi da masu gadi. Baƙin sojan ba su zo da waɗannan ba. A Akara suka neme su.

Daga mashekari zuwa unguwa

Zaman Hausawa a Akara ya girmi jirgin sama. Fatauci ya kawo wasu, aikin soja ya kawo wasu. Turawan Ingila sun zo da dakarun da ake kira Hausawan Glover daga Legas domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a 1879 suka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gwalkwas, wadda ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901. Da yawa daga waɗanda ake kira Hausawa a cikinta ba Hausawa ba ne a haihuwa, sai dai Hausa ita ce harshen bariki, har taken rundunar ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Tsohon zangon yana tsakiyar gari. Da ya cika, Malam Baƙo ya fita da mutanensa ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20.

Nima ta zo daga baya. Wajen 1931 Malam Amadu Futa, Bafillace mai cinikin shanu kuma malami, ya sami izinin zama a wani fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, waɗanda ƙabilar Ga ne masu ƙasar. Wuri ne na tsayar da shanun da aka koro daga arewa kafin a shigar da su kasuwa. Game da sunan akwai ƙauli biyu: 'yan Ga suna cewa daga harshensu ne, ma'anarsa garin sarki, Musulmin unguwar kuwa suna danganta shi da kalmar ni'ima. Girgizar ƙasar da ta auka wa Akara ranar 22 ga Yuni, 1939, ta rushe gidaje da yawa ta ƙara ƙuncin muhalli a cikin gari, amma buɗe sansanin jirage ne ya kawo ambaliyar jama'a.

Dalilai uku suka sa Nima ta zama masaukinsu. Na farko, tana kusa da filin jirgi da barikin soja da unguwannin Turawa, mutum yana iya zuwa aiki da ƙafa. Na biyu, tana wajen iyakar hukumar birni, saboda haka ba mai tambayar takardar izinin gini. Wanda Malam Futa ya yanka wa fegi sai ya tayar da ɗakin ƙasa ya rufa. Na uku, al'adar zango ta tanadi yadda ake karɓar baƙo: ya sauka wurin mai gida ɗan ƙasarsu, a ba shi wurin kwana, a nema masa aiki. Haka suka riƙa zuwa, Hausawa daga Sakkwato da Kano da Katsina, Zabarmawa daga Nijar, Mosawa, Kotokoli daga Togo, Wangarawa, Fulani, Yarabawa, da Dagomba da Frafra da sauran mutanen arewacin Gwalkwas. Waɗanda suka fito daga ƙasashen Faransa suna da ƙarin dalili, domin a can ana aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Kowace ƙabila ta naɗa sarkinta, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci. Mata suka kama sana'ar abinci, suna sayar da koko da ƙosai da waake da tuwo ga masu fita aiki. Da Nima ta cika sai jama'a suka malala zuwa Maamobi.

Abin da ya sauƙaƙa zama a lokacin shi ne ya zama matsala daga baya. Unguwar ta tashi ba tituna, ba magudanan ruwa, ba famfo, ba makarantar gwamnati. Lokacin da aka shigar da ita cikin iyakar birni a farkon shekarun 1950, gidaje sun riga sun cushe, ba a bar wurin da za a bi da waɗannan abubuwa ba. A nesa kaɗan kuwa ga titin jirgi shimfiɗe da kwalta, da lantarki da ruwan famfo, wanda mazauna unguwar suka gina da hannunsu.

Yaƙi da sauro

Babban abokin gaban sojan Amurka a Akara sauro ne. Zazzaɓi ya riƙa kwantar da matuƙa da makanikai, kuma akwai fargabar jirage su kwashi sauron Afirka su kai Birazil, ƙasar da ba ta daɗe da kawar da irinsa ba bayan ya hallaka dubban mutane a ƙarshen shekarun 1930. Saboda haka daga 1942 zuwa 1945 sojan Ingila da na Amurka suka haɗa kai suka ƙaddamar da gagarumin aiki: haƙa magudanai, cike kududdufai, zuba mai a kan ruwan da ke kwance, yashe tafkin Korle, daga baya kuma fesa sabon maganin nan DDT. Domin auna yawan sauro, an kakkafa ƙananan ɗakuna na tarko a sassan birni, aka ɗauki 'yan Afirka aikin kwana a ciki domin jikinsu ya jawo sauron, da safe a ƙirga abin da aka kama.

Manufar aikin ita ce kare sansani. Likitocin soja na wancan zamani suna kallon unguwannin 'yan ƙasa da ke kusa da bariki a matsayin matattarar cuta, ra'ayin da Turawan mulkin mallaka suka daɗe suna kafa hujja da shi wajen raba unguwanninsu da na baƙar fata. Ga shi kuwa sansanin ba ya iya kwana ɗaya ba tare da mutanen waɗannan unguwanni ba. Da yaƙi ya ƙare kuɗin aikin suka yanke, magudanan suka cike, sauro ya dawo.

Wanda ya tashi da wanda ya tsaya a ƙasa

Mutanen Gwalkwas sun ba da gudummawar kuɗi domin sayen jiragen yaƙi, har aka laƙaba wa rukuni na 218 na mayaƙan saman Ingila sunan ƙasar. Amma kujerar matuƙi ta yi musu nisa. Ingila ta ɗage dokar da ta hana wanda ba Bature ba zama hafsa a watan Oktoba na 1939, sai dai 'yan Afirka ta Yamma da suka sami shiga jirgi ƙalilan ne, irin su Peter Thomas na Legas wanda ya zama matuƙi, da Johnny Smythe na Saliyo, masanin hanya da aka harbo jirginsu a Jamus a 1943. Sojan Amurka kuwa a rabe suke bisa launin fata. Baƙaƙen matuƙansu a wata makaranta ta daban aka horar da su, a Tuskegee.

A cikin sojan ƙasa ma yaƙin ya kawo sauyin da ya shafi Hausa kai tsaye. Sabon yaƙi na mota ne da rediyo da inji, yana bukatar wanda ya iya karanta takardar Turanci. A ƙarƙashin Janar George Giffard, babban kwamandan Afirka ta Yamma, aka karkata ga Turanci a matsayin harshen umarni. 'Yan kudu da suka yi makarantar mishan suka cika guraben akawu da makanikai da masu sadarwa, 'yan arewa da 'yan zango kuwa suka ci gaba da riƙe bindiga da ɗaukar kaya. Ilimi suna da shi, na allo da na littattafai da rubutun ajami, amma ba shi ake tambaya a ƙofar ɗakin injin jirgi ba. Makarantar Mfantsipim da ke Cape Coast tun 1876 take, alhali arewacin ƙasar bai sami sakandaren gwamnati ba sai a 1951, a Tamale.

Duk da haka waɗannan sojoji sun san jirgi ta wata fuskar. Kimanin mutum 65,000 na Gwalkwas suka yi aikin soja a yaƙin, da yawansu a Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da ta kutsa kwarin Kaladan a farkon 1944, ta shiga dajin da mota ba ta shiga. Jirage ne suke jefo mata abinci da harsashi da laima, ƙananan jirage kuma suna kwashe masu rauni daga filayen da sojojin suka sare da adda. Ita ce babbar runduna ta farko a sojan Ingila da ta dogara kacokan ga jirgin sama wajen samun guzuri. Abin da ya sauko daga sama kuwa, a kan kawunan 'yan dakon rundunar yake ƙarasa tafiya.

Bayan yaƙi

Tun daga 1943, da aka kori Jamus da Italiya daga Afirka ta Arewa, wani ɓangare na zirga-zirgar ya koma hanyoyin arewa. A 1945 Amurkawa suka tattara nasu ya nasu, filin kuma ya koma na farar hula. Ranar 18 ga Satumba, 1947, burin Mitchell ya cika: reshen ya fita daga sojan ƙasa ya zama rundunar mayaƙan saman Amurka, shekara arba'in bayan ofishin mutum uku.

A Nima aikin sansani ya ƙare amma mutane ba su watse ba. Sojojin da aka sallama daga Bama ma da yawa a nan suka sauka maimakon komawa ƙauyukansu. Rashin aiki da tsadar kaya da alkawuran da ba a cika ba suka kai tsofaffin sojoji ga yin maci zuwa fadar gwamna ranar 28 ga Fabrairu, 1948, inda aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta tafiyar da ta kai ga 'yancin Gana ranar 6 ga Maris, 1957.

Gana ba ta sha jayayyar shekara arba'in irin ta Amurka ba, domin lokacin da ta tashi kafa nata reshen duniya ta riga ta yarda cewa mayaƙan sama runduna ce ta daban. A watan Yuli na 1959 aka buɗe makarantar koyon tuƙi a Akara da malamai daga Isra'ila, aka kuma naɗa wani hafsa ɗan Indiya, Jaswant Singh, shugaban rundunar na farko. A 1960 mayaƙan saman Ingila suka karɓi horon, 'yan Kanada suka shigo a 1961. Wannan haɗe-haɗe ya yi daidai da siyasar Kwame Nkrumah ta ƙin jingina ga ƙasa guda. A watan Satumba na 1961 ya naɗa J. E. S. de Graft-Hayford, ɗan Gana na farko da ya shugabanci rundunar. An mayar da makarantar Takoradi, inda aka harhaɗa jiragen yaƙi shekara ashirin kafin nan. An ɗauki mata a 1963, a cikinsu har da Melody Danquah, wadda ta tuƙa jirgi ita kaɗai a 1964. Sharaɗin shiga aikin tuƙi dai shi ne takardar sakandare, abin da 'ya'yan zango kaɗan ne suke da shi a lokacin.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fita, zangunan Akara suna cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. A cikin waɗanda suka ɗaure kaya akwai mutanen da suka zo tun zamanin sansani, da 'ya'yansu da aka haifa a Nima waɗanda ba su san wata ƙasa ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tarihin reshen sama yakan tsaya a kan matuƙa da samfuran jirage da gardamar manyan hafsoshi, kuma waɗannan suna da muhimmanci. Amma jiragen da suka taimaka wa Ingila ta riƙe Masar, suka kuma kai kaya Indiya da Sin, sun bi tsohuwar hanyar alhazai ne, sun sauka a filayen da leburori suka share a Takoradi da Akara da Kano da Maiduguri. Harshen Hausa ma ya karɓi sabon abin ba tare da aro ba: kalmar jirgi, wadda asalinta na ruwa ne, ta riga ta ba da jirgin ƙasa, sai ta ƙara da jirgin sama.

A Akara sawun wancan zamani yana nan a sunaye. Asibitin 37, da aka buɗe a 1941, har yau da lambarsa ta yaƙi ake kiransa. Barikin da ya ɗauki sunan Giffard ya koma Barikin Bama. Filin da Pan American da sojan Amurka suka faɗaɗa shi ne aka sa wa sunan Janar Kotoka a 1969, daga nan kuma maniyyatan Nima da Maamobi suke tashi, su kai ƙasar Saudiyya cikin sa'o'i a tafiyar da kakanninsu suke yi cikin shekaru. Reshen sojan da ya kawo sansanin ya sauya suna tun 1947. Unguwar da ma'aikatansa suka gina da ƙasa da kwano ta zama ɗaya daga cikin mafiya yawan jama'a a Akara, kuma Hausar da ta haɗa kuku da lebura da tsohon soja ita ce yaran unguwar suke tashi da ita.